Ido a Gandun Kawu: Nazarin Aikin Kyamarar Sola a Wani Dajin Farauta na Sakkwato

Gandun da zan yi magana a kai yana yamma da birnin Sakkwato, can bayan Wamakko, inda tudu ke gangarawa zuwa fadamar gulbin Rima. Na kawuna ne, wan mahaifiyata, shi ma gadonsa ya yi. Rabi ana noma gero da wake. Ɗaya rabin tun zamanin kakanni ba a taɓa sa masa garma ba: sabara ce da geza da kalgo, aduwa da bagaruwa jefi-jefi, da wasu manyan gawo, sai ɗan tafki mai riƙe ruwa har tsakiyar hunturu. Nan zabin daji ke kwana, nan fakara da zomo da kurege suke, kuma nan mafarautan garin ke fita bayan an gama kaka, a ranar da Sarkin Baka ya sa.

Shekara uku a jere dajin yana cin wuta kafin ranar fita ta zo. Ana wayar gari a tarar an sare bagaruwa an bar kututture. Da damina, lokacin da zabi ke ƙwai, sai a iske an kwashe sheƙa kaf. Kawu ya ɗauki mai gadi, mai gadi ya yi wata biyu ya ce shi ba ya iya kwana a daji a wannan zamani, kuma babu wanda ya ga laifinsa. Ni sana'ata haɗa sola da kyamarorin tsaro a gidaje da shaguna cikin birni, don haka da muka haɗu wajen wani suna sai ya ja ni gefe ya ce, "Kai yaro, abin nan da kake liƙa wa masu shago, ba shi yi a daji?" Na ce, "Yana yi, Kawu." Na amsa da sauri fiye da yadda ya kamata.

Karon farko

Na sayo kyamarori uku irin waɗanda suka cika kasuwa yanzu, masu ɗan farantin sola a ka, da batir a ciki, da wurin sa layin waya. Na ɗaure su a jikin itatuwa a watan Maris, na dawo birni ina jin na gama.

Abu na farko da ya ba ni kunya shi ne sabis. A cikin gari, idan ka hau tudu, 4G na kamawa. A cikin dajin, wanda ke kwari, sanda ɗaya ce ke zuwa tana ɓacewa. Kyamara ta yini tana neman sabis, neman kuma yana shan batir, kafin asuba ta mutu, daidai lokacin da masu saran itace ke shigowa.

Na biyu ya fi ɗaure mini kai, sai da na zauna na yi karatu a kansa. Irin waɗannan kyamarori barci suke yi don tattalin batir, abin da ke tashinsu wani ɗan ido ne mai jin ɗumin jiki. Yana aiki ne da bambanci tsakanin zafin jikin mai wucewa da zafin abin da ke bayansa. Jikin mutum yana wajen digiri 37. A Afrilun Sakkwato iska kanta tana haura 40, rairayi kuwa ya fi haka nesa. Mutum ya ratsa gaban kyamara da azahar, ita ba ta ga bambancin komai ba. Na gwada da kaina, na yi ta kai da kawowa a gabanta kamar taku goma, ko motsi ba ta yi ba. A gefe guda kuma, iska ta kaɗa reshen sabarar da rana ta gasa, sai saƙo ya shigo waya. Kawu ya kira ni ya ce, "Wanga abu naka ganye yaka gani, ba shi ganin mutum." Ban da abin cewa.

Kafin damina ta sauka batirin biyu daga cikinsu ya kumbura. An ƙera su ne baƙaƙe, batir a manne da murfi, rana na dukansu daga hantsi zuwa la'asar. Kuɗin Kawu ne suka tafi, laifin kuma nawa ne, domin na ɗauki kayan da ke aiki a ƙarƙashin rumfar shago na kai su inda babu rumfa.

Kafin a kafa ƙarfe

A karo na biyu na sauya tsari gaba ɗaya. Intanet zai tsaya a gidan Kawu cikin gari inda sabis yake, daga nan a harba Wi-Fi zuwa daji da rediyo biyu, wato na'urorin harba siginal, masu kallon juna, tazarar kilomita 2. Kyamarorin za su zama masu kebul, masu aiki dare da rana ba tare da jiran ɗumin jiki ba, na'urar ajiye hoto kuma tana ɗakin Kawu.

Ajiye hoto a gida ba don tsadar data kaɗai ba ne, ko da yake ita ma dalili ce babba: kyamara ɗaya mai tura megabit 1 a daƙiƙa tana cin wajen megabait 450 a awa, kusan gigabait 11 a yini. Akwai abin da mu mutanen Sakkwato ba mu manta ba. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar saboda matsalar tsaro. Duk na'urar da ranta ke rataye a kan layin waya ta zama kwalliya a lokacin. Na ƙudurta cewa ko an wayi gari babu sabis, Kawu ya iya kunna talabijin ɗinsa ya ga dajinsa. Intanet ya zama ƙari ne kawai, don in iya leƙawa daga birni, ko a turo hoto a waya idan an ga motsi.

Kafin mu sayi ko ƙusa, Kawu ya ce sai mun bi manya. Ni a lokacin na ɗauka ɓata lokaci ne, yanzu kuwa shi nake fara gaya wa duk wanda ya kawo mini irin wannan aiki. Dogon ƙarfe da eriya a tsakiyar daji, a yankin da kowa ke kwana da ido ɗaya, yana iya jawo wa mai shi zargin da bai ji ba bai gani ba. Wani ya ce leƙen asiri ake yi wa wasu, wani ya ce wasu ake yi wa. Muka je wurin mai gari, ya haɗa mu da uban ƙasa, muka sanar da ofishin 'yan sanda. Muka zauna da Sarkin Baka da ardon Fulanin da ke ratsa gefen gandun zuwa mashaya. Na nuna musu kyamarar a hannu, na faɗi inda za ta kalla da inda ba za ta kalla ba. Sarkin Baka ya juya ta ya ce, "Mu munka san dajin ga tun ba a haife ka ba. In za ka ɗaura, ni ka nuna maka inda ƙafa ka bi." Na ce, "Ranka shi daɗe, abin da ya kawo ni ke nan." Shi ya zaɓi wurare uku: mashigar amalanke ta arewa, hanyar da ke fitowa daga bayan gari, da bakin tafki. A karon farko ni na zaɓa da idon ɗan birni, kuma ko ɗaya ban dace da waɗannan ba.

Gawo da siginal

A gida muka ɗora rediyo a saman tankin ruwa, tare da rawuta, na'urar raba intanet, mai layi da eriyarta ta waje. A daji mai walda ya haɗa mana bututun ƙarfe mai tsawon mita 9, muka zuba masa kankare, muka ɗaure da wayoyi uku saboda guguwar farkon damina. Icce bai shiga lissafi ba, gara ba za ta bar shi ya shekara ba.

Na zaɓi rediyo mai aiki a gigahaz 5. Wanda bai saba ba yana ɗauka da zarar rediyon nan na hango wancan an gama. Siginal ba ya tafiya kamar zare, yana buɗewa a tsakiya kamar cikin kwale-kwale. A tazarar kilomita 2, faɗin nan a tsakiyar hanya ya kai wajen mita 5 ta kowane gefe na layin, kuma ana son aƙalla kashi 60 cikin 100 nasa, wato mita 3, ya zama babu abin da ya tare. Da na ɗauki na gigahaz 2.4, faɗin zai kusa mita 8, sai an ƙara tsawon ƙarfe. Ganye kuma abokin gabar siginal ne saboda ruwan da ke cikinsa.

A watan Agusta muka haɗa. Siginal ya zo da ƙarfi, hoto tas. Akwai wani babban gawo a kusan tsakiyar hanya wanda rassansa na sama suka ɗan shiga layin, amma na duba ƙarfin siginal na ga ba ya hana komai, na wuce. Na manta da abin da kowane yaron ƙauye ya sani: gawo da damina yake zubar da ganye, da rani yake tohowa, akasin sauran itatuwa. Muna shiga Nuwamba ya cika da ganye, hoto ya fara tsinkewa, a Disamba sai ya riƙa ɗaukewa ɗungurungum. Na kwana biyu ina zargin waya da rediyo kafin wani yaro da ke riƙe mini tsani ya ce, "Yaya, da kunka ɗaura ai iccen can ba shi da ganye."

Na kawo shawarar a rage rassan sama. Kawu ya dube ni kamar na zage shi. "Gawon ga kakanmu ya iske shi nan. Don tsare itace munka kawo abin ga, shi za mu fara sara?" Gaskiyarsa. Gawo ne ke ba tumaki 'ya'ya da ganye a lokacin da babu ciyawa, geron da ke ƙarƙashinsa kuma ya fi na ko'ina kyau. Muka fasa kankare, muka matsar da ƙarfen taku arba'in zuwa kudu inda layin ya bi ta gefen iccen. Aikin yini biyu da buhun siminti. Tun daga ranar, duk inda zan harba siginal sai na tambayi mutanen wurin sunan kowane icce da ke hanya da lokacin da yake ganye.

Kyamarori biyu na kusa da ƙarfen mun ja musu waya, irin wadda ke ɗaukar wuta da hoto tare. Ita wannan waya iyakarta mita 100, don haka ta bakin tafki, mai nisan kusan mita 400, sai da muka yi mata nata ƙaramin rediyo da faranti da batir. Wayoyin duk a cikin bututun roba muka binne su, saboda gafiya da kofaton shanu. Mun kuma binne sandar tagulla muka haɗa ta da ƙarfen saboda aradu, muka zuba gawayi da gishiri a ramin kamar yadda masu aikin wuta ke yi a busasshiyar ƙasa.

Lissafin wuta

Nan ne aiki yake tsayawa ko ya faɗi, kuma nan ne na ga abokan sana'a da yawa suna yin cinta-cinta. A babban ƙarfen akwai rediyo biyu da kyamara biyu da ɗan akwatin raba waya. Idan aka haɗa, da fitilar dare ta kyamarori, suna shan kamar wat 20 a matsakaici. A awa 24 ya zama wat-awa 480, wato wat 20 sau awa 24. Batirin lithium mai bolt 12 da amf 100 yana ɗaukar wajen wat-awa 1,200, wato ya riƙe kayan kwana biyu da ɗoriya ko rana ba ta fito ba. Faranti mai wat 200, idan ya sami cikakkiyar rana ta awa 5 aka cire asarar zafi da ta waya, yana ba da kamar wat-awa 700 a yini. A takarda ya isa har da rara.

Takarda ba ta san hunturu ba. Sakkwato tana wajen digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka faranti yana fuskantar kudu ne da ɗan karkata kaɗan, kamar digiri 15. Faranti mai kwanciya haka tire ne na tara ƙura. Ga hazo ya rufe rana a sama, ga ƙura ta kwanta a gilashi. A tsakiyar Janairu na tarar batir ba ya cika, kyamarori na mutuwa wajen ƙarfe huɗu na dare. Muka ƙara faranti ya koma wat 300, muka sauko da su ƙasa-ƙasa inda hannu zai kai da sanda, aka kuma ɗora wa wani jikan Kawu aikin share su da busasshen tsumma kowace safiya idan zai kai tumaki. Sharewar nan ta yi amfanin da ya kusa kai na farantin da muka ƙara.

Sai zafi. Yawancin batiran lithium an rubuta kada a yi cajinsu sama da digiri 45, akwatin ƙarfe a ranar bazara kuwa yana wuce haka tun kafin azahar. Batirin ruwa ma ba tsira ba ne, zafi yana rage masa kwana sosai. Ni na yi niyyar fentin akwatin da fari in huda masa tagogi. Kawu ya ce a gina masa ɗaki. Magini ya yi ɗan ɗakin laka kamar ƙaramin rumbu, kauri sosai, da rufin ciyawa a kan kwano, da ƙofofin iska biyu masu raga saboda ƙadangare da kunama, da ƙofar ƙarfe mai kwaɗo. Na sa hannu ciki da tsakar ranar Afrilu na ji kamar zauren tsohon gida. Wannan dabara ban koye ta a wurin kowane injiniya ba, kuma tuni na yi ta a gonaki biyu bayan wannan.

Abin da aka gani

Kawu ya daɗe da yanke hukunci a ransa cewa makiyaya ne ke sa wuta. Bai faɗa a gaban ardo ba, amma a gida yana faɗa. Hoton farko na wuta ya nuna yara huɗu 'yan gari da karnuka biyu, da yamma, suna cusa wuta a ramin gafiya, iska ta kwashe ta zuwa busasshiyar ciyawa, suka watse da gudu. Biyu daga ciki 'ya'yan dangi ne. Makiyayan kuwa kyamara ta nuna su kullum suna bin burtali, har akwai ranar da aka ga wani saurayi cikinsu yana kashe bakin wuta da reshen geza. Kawu ya kalli hoton sau uku bai ce komai ba. Washegari ya aika wa ardo da goro. A ganina da kyamarar ba ta yi wani aiki ba sai wannan, ta biya kuɗinta, domin zargin da ke cin mutum a ciki a yankinmu ba ƙaramin abu yake haifarwa ba.

Maganar yaran ba ta je ga hukuma ba. Sarkin Baka ya tara su da iyayensu, aka yi musu faɗa, ya kuma ce duk mai son gafiya ya zo a koya masa haƙa. Masu saran bagaruwa su biyu ne da amalanken shanu, suna shigowa kafin kiran assalatu, gawayi suke yi. Fuskarsu ba ta fito ba, domin fitilar dare ba ta wuce mita 20 zuwa 30, bayan nan inuwa kawai ake gani. Amma a ƙauye ba a buƙatar fuska. Mai gari na ganin bijimin da tafiyar mai jan sa ya ambaci unguwarsu.

Kyamarar tafki ta jawo maganar da ni da Kawu duk ba mu hango ba. Matar Kawu ce ta kira ni ta ce, "Ɗana, ka san mata na wanki can, yara mata na wanka in sun je itace?" Kunya ta rufe ni. A ranar muka juya ta ta koma kallon gaɓar gabas inda sawun dabbobi yake, na kuma toshe sauran ɓangaren a cikin saitin na'urar ya zama baƙi, na goge abin da aka riga aka ɗauka a gabanta. Aka sanar a gari. Lambar sirrin shiga kuwa mutum uku ke da ita, kuma an yi alkawari ba a tura hoton kowa a WhatsApp.

Ita wannan kyamara ce ta zama abin kallon mafarauta. Bayan isha'i sukan taru a zauren Kawu su duba abin da ya zo shan ruwa daren jiya: dila, bushiya, zomaye, wata rana muzuru, da sassafe garken zabi da fakara. Daga nan Sarkin Baka ya ga zabin sun ragu fiye da yadda yake zato, ya ce a ɗage fitar bana a gefen tafki, a yi ta arewa kawai, kuma duk wanda aka gani da ƙwan zabo da damina zai biya tara. Wasu matasa sun yi gunaguni, amma an nuna musu hoton sun ƙirga da idonsu.

Akwai abin da har yau bai warware ba. Fitilar dare tana jawo ƙwari, ƙwari na jawo gizo-gizo, saƙarsa kuma tana mayar da hoto fari fat, sai an hau an share duk mako. An jefi kyamarar arewa da dutse gilashinta ya tsage, ba a san ko wane ne ba domin ta baya ya zo. Idan an hango wuta a talabijin, kafin a tara mutane a ratsa rairayin kilomita 2 a kan babur ta riga ta ci abin da za ta ci, shi ya sa bana aka koma yin share-wuta, aka nome ciyawa a zagaye dajin tun ƙarshen Oktoba. Kusurwar kudu maso yamma kuma har yanzu babu ido a kanta. Akwai wani ɗan tudu da ya tare layin, sai an kafa ƙarfe na uku a kansa da nasa faranti da ɗakin batir, Kawu ya ce a jira ya sayar da wake.